Gwiwar da Muka Saya

Ni ba likita ba ne, amma shekara goma sha tara 'yan wasan ƙungiyarmu suka yi suna kirana Dakta, har sunan ya biyo ni gida. Kwas ɗin gashin ƙashi da tausa na yi, na samu takardar shaida, aka ɗauke ni a matsayin jami'in lafiyar ƙungiya. Aikina ɗaure ƙafa, ɗora ƙanƙara, murza jijiyar da ta ɗaure, da shiga fili a guje da jakata duk sa'ad da wani ya faɗi. Ɗakina yana ƙarƙashin rumfar 'yan kallo, jikin ɗakin canza kaya. Gado ɗaya ne a ciki mai ledar da ta tsattsage, sai firiji mai ƙugi kamar injin niƙa, sai kabad ɗin ƙarfe inda nake ajiye fayil ɗin kowane ɗan wasa. Duk targaɗen da mutum ya taɓa yi, duk allurar da aka yi masa, suna cikin fayil ɗinsa da rubutun hannuna.

Ba mu taɓa cin kofi ba, ba mu kuma taɓa faɗawa rukuni na biyu ba. Tsakiyar teburi ne gidanmu. Kocinmu, wanda kowa ke kira Tsoho, yakan ɗauko yara daga filayen unguwa ya goge su, in ɗaya ya yi fice a sayar da shi a riƙe sauran da kuɗin. Albashin ba shi da yawa, amma ranar ashirin da takwas ga wata yana shiga, ba fashi.

Kyaftin ɗinmu ɗan baya ne, dogo, mai faɗin kafaɗa da bakin barkwanci. Mijin ƙanwata Auta ne. A fili Dakta yake ce mini kamar kowa, a gida kuma Yaya. Ni na ɗaure masa ƙafa ranar da ya fara buga wa ƙungiya, shekara bakwai kafin ya fara sintiri a ƙofar gidanmu.

Sai sabon Ciyaman ya zo. Babban dillalin kayan gini ne, yana da shaguna da motocin dakon siminti, ya sayi kaso mafi tsoka na ƙungiyar. Ranar da ya fara shigowa ɗakin canza kaya, turarensa ya danne warin safa da man zafi. Ya tsaya a tsakiya ya ce cikin shekara biyu kofi zai kwana a garin nan. Muka tafa. Ni ma na tafa har tafina ya yi zafi, ba zan ɓoye ba.

Cikin wata uku ƙungiya ta canza kama. Aka sallami Tsoho, aka biya shi kuɗin shekara biyun da suka rage a kwantiraginsa, aka kawo koci daga waje da tafintansa da mai ɗaukar masa bidiyo. Aka sayi 'yan wasa goma sha ɗaya. Aka kawo doguwar bas mai na'urar sanyi da hoton Ciyaman a bayanta. Duk wasan gida sai an kwana biyu a otal, alhali babu wanda gidansa ya wuce tafiyar minti ashirin daga fili. Aka kafa wani ƙaton allon lantarki na nuna sakamako, wanda in an kunna shi fitilun ofis suke ɗaukewa.

"Dakta," in ji Kyaftin yana kwance a gadona ina murza masa cinya, "an ce allon nan ya fi dukkanmu 'yan baya tsada. Ka gaya wa koci ya sa shi a lamba biyar, ni in hau sama in riƙa nuna ci da yatsa."

Ni kuwa na nemi a canza mini firiji, aka ce in rubuto. Na rubuta sau uku.

Mafi tsada cikin sababbin shi ne wani ɗan gaba da ake kira Guguwa. Abin da aka biya a kansa ya isa albashin tsohuwar ƙungiyarmu na shekara uku. Da jerin gwanon motoci aka tarbo shi. Sai da aka gama hotuna da 'yan jarida sannan aka tuna ba a duba lafiyarsa ba, aka turo mini shi da la'asar.

Matashi ne mai ladabi, da hannu biyu ya gaishe ni. Na ce ya kwanta. Da ya naɗe wando na ga wasu 'yan tabo uku a gwiwarsa ta dama, ƙanana kamar cizon sauro, irin waɗanda tiyata ke bari. Na lanƙwasa ƙafar, na riƙe ƙwaurin na jawo shi gaba a hankali. Ya biyo hannuna kamar aljihun tebur. Na gwada ta hagu, tana nan daram. Na koma ta dama, abin bai canza ba.

"Yaushe aka yi maka aiki a nan?" na tambaye shi.

"Tuntuni ne, Baba. Ta warke."

Silin yake kallo da ya faɗa.

Na hau bene ofishin Ciyaman. Ofis ne mai kafet mai laushi da bangon gilashi da ke kallon fili.

"Ranka ya daɗe, jijiyar gwiwar yaron nan ta saki. In an yi sa'a ta kai rabin kaka. A kai shi asibiti a ɗauki hoton gwiwar kafin a biya sauran kuɗin."

"An riga an biya," in ji shi. Bai ɗago daga wayarsa ba. "Dakta, ka san riguna nawa aka buga da lambarsa? Dubu biyar. Ka ji abin da ake faɗa a rediyo? Ka rubuta abin da ka ga dama a littafinka, amma kada in ji maganar nan a bakin kowa."

Na sauko na rubuta abin da na gani da abin da aka ce mini, na sa kwanan wata, na kulle kabad. A lokacin gani nake na sauke nauyina.

Guguwa ya ci ƙwallo biyar a wasanni huɗun farko, gari ya ɗauka. Daga wasa na bakwai gwiwar ta fara kumbura. Ranar Litinin zai shigo tana kamar an hura balan-balan, in yi ta ɗora ƙanƙara har Laraba, ranar Asabar a yi masa allurar kashe zafi ya buga awa ɗaya a cire shi. Kakar nan a na shida muka ƙare. Kafin zuwan Ciyaman na tara muke yi.

"Duk wannan kuɗi hawa uku kawai muka yi," in ji Kyaftin. "Da tsani aka saya ai ya fi arha."

A kaka ta biyu asiri ya fara tonuwa. Wasu suka ce kasuwar siminti ce ta karye. Wasu suka ce dama kuɗin ba nasa ba ne, na banki ne, kuma filin atisayenmu ya bayar jingina. Albashi ya fara lattin mako biyu, ya koma wata, daga nan aka daina faɗin rana. Kocin waje ya tafi hutu bai dawo ba, sai takardar lauyansa ta zo. Bakwai cikin sababbin 'yan wasa suka tattara nasu ya nasu. Wata Asabar da safe muna jera jakunkuna za mu tafi wasan waje, wasu mutum uku suka zo da takardar kotu suka karɓi makullin bas a hannun direba. A ƙananan motocin haya biyu muka tafi, awa shida 'yan wasa na cushe, gwiwa a haɓa. Aka ci mu huɗu da nema.

Aka je aka ba Tsoho haƙuri ya dawo. Ya dawo ya tarar yaran da ya horar duk an sayar da su ko an kore su don a ba baƙi wuri. Ya rataya usur ɗinsa ya shiga fili.

Firijina ya mutu a watan nan. Da kuɗina nake sayo ƙanƙara a wurin masu sayar da lemo. Bandeji kuwa wankewa nake yi in shanya a bayan raga in sake amfani da shi. Mai kula da fili ya yi wata huɗu ba albashi, ya ajiye makulli ya tafi. Injin ban ruwa ya lalace ba a gyara ba, ciyawa ta ƙone, ƙasa ta ƙame ta tsattsage, ramuka suka fito a gaban ragar yamma. Ni da Tsoho muke cike su da yashi kafin kowane wasa.

Kyaftin ne ya riƙe ɗakin canza kaya. In rai ya ɓaci shi ke sa dariya, in an fara zancen ƙin fita atisaye shi ke lallashi. Auta ta ce mini kullum sai ya kwaso mata 'yan wasa biyu ko uku cin abincin rana, tukunyarta ta zama ta ƙungiya.

A wasa na goma sha biyar muna na uku daga ƙasan teburi. Minti na saba'in, ana ɗaya da ɗaya, aka bugo mana kwana. Kyaftin ya tashi ya sa kai ya fitar da ƙwallon. Da ya sauko ƙafarsa ta hagu ta faɗa ɗaya daga cikin ramukan nan, ɗan gabansu ya faɗo a kanta. Daga benci na ji ƙarar, kamar an karya busasshen ice. Kafin alƙalin wasa ya ɗaga hannu na isa. Ƙwaurin ya karye gida biyu. Bai yi ihu ba. Ya damƙi wuyan rigata ya ce, "Yaya." Bai taɓa kirana haka a fili ba.

Babu motar asibiti, kamfanin da ke ba mu hayarta ya janye ta tun watan jiya. A bayan motar wani ɗan kallo muka kai shi.

Likitan ƙashi ya ɗaga hoton ya nuna mini. Ya ce sai an yi tiyata an sa ƙarfe, kuma cikin mako guda, in ba haka ba ƙashin zai fara haɗuwa a karkace. Na je kanta na miƙa katin inshorar ƙungiya. Matar da ke wurin ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, ta turo mini katin.

"Malam, wannan wata takwas ke nan da yanke shi. Ba a biya ba."

Ga shi duk albashin da aka taɓa ba mu sai an cire kuɗin inshora a ciki.

Auta na zaune a bencin baranda da 'yarsu a cinya. Ta karanci fuskata tun daga nesa.

"Yaya, kai ne likitansu," in ji ta. "Kai suke jin maganarka. Ka yi wani abu."

Sai a kwana na uku na samu Ciyaman a ofis. Kafet ɗin na nan, amma na'urar sanyi a kashe, an buɗe taga. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya saurare ni har na gama, abin da bai taɓa yi ba.

"Na sayar da motoci huɗu a watan nan, Dakta, ko kuɗin ruwan bashin ba su biya ba. Ba ni da ko sisi da zan ba ka. Amma akwai hanya ɗaya." Ya jawo wata takarda daga aljihun tebur. "Wata ƙungiya da ta hauro rukuninmu bana tana son Guguwa. Ranar Juma'a ake rufe kasuwar 'yan wasa, ba su da lokacin turo likita. Sun yarda da fom ɗin hukumar gasa in jami'in lafiyarmu ya sa hannu, tare da kwafin fayil ɗinsa. Kuɗin na shigowa, wallahi asibiti ne farko."

"Ranka ya daɗe, ƙarya kake so in sa wa hannu."

"Ƙafar surukinka nake so ka ceta. Kana da wata hanyar? In kana da ita ka faɗa mini, ni ma nemanta nake."

Ban ce na yarda ba, ban kuma ajiye takardar ba. Na sauko da ita a hannu. A ɗakina na tarar da Guguwa zaune a bakin gado, ya ɗora wa kansa ƙanƙara.

"Na san abin da ya ce maka, Baba. Ka sa hannu."

"Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Tun kafin in zo nan na san gwiwar nan ba ta da sauran kwana. Wakilina ma ya sani. Wata bakwai ba a biya ni ba, ga mahaifiyata da ƙannena huɗu a kaina. In na je can za su ba ni kuɗin sa hannu. Ko wata uku na buga ya ishe ni in buɗe shago."

"In ta tsinke gaba ɗaya fa?"

"Ai a nan ma tsinkewa za ta yi. Gara ta tsinke inda ake biya."

Ya fita yana ɗingishi kaɗan, irin wanda sai mai ido ke gani. Na buɗe kabad na ɗauko fayil ɗinsa. Shafi bakwai na cire. Na rubuta sabo guda ɗaya: ɗan targaɗe a gwiwar dama, ya warke. Na sa hannu a fom ɗin, na buga hatimi. Shafukan nan bakwai na yi niyyar ƙona su, na kasa. Na ninke na cusa a ƙasan jakata, ƙarƙashin filasta.

Ranar Juma'a aka sayar da Guguwa. Ranar Litinin kuɗin ya shiga asusun ƙungiya, kafin azahar banki ya kwashe shi kaf. Ciyaman ya gaya mini ta waya, ya aiko direbansa da ambulan mai ɗauke da abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin aikin ba. Har yau ban sani ba ko ya san banki na jiran kuɗin sa'ad da yake rantse mini.

Muka koma tara na kanmu. Na sayar da babur ɗina. Auta ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnenta. 'Yan wasan da ba su ga albashi ba suka haɗa abin da suka iya. Tsoho, da furfurarsa, ya tsaya a ƙofar shiga ranar wasa riƙe da kwali mai hoton Kyaftin. Kwana goma sha tara muka ɗauka. Kafin nan ƙashin ya fara kamawa a karkace, sai da aka sake karya shi sannan aka sa ƙarfen. Likita ya fito yana cire safar hannu ya ce ƙafar za ta gajarce da kamar yatsa biyu.

"Zai yi tafiya," in ji shi. "Ƙwallo kuwa sai dai a talabijin."

Guguwa bai kai wata ukun da ya yi fata ba. A wasansa na biyu a can, minti na ashirin, ba wanda ya taɓa shi, ya juya zai bi ƙwallo ya zube. Suka kai shi hoto, likitansu ya ce wannan ciwo ya shekara uku aƙalla. Suka kai ƙara hukumar gasa.

Ina asibiti a gefen gadon Kyaftin da rana, Auta na zuba masa ruwa a kofi, sai rediyon mai gadon kusa ya ɗauko muryar Ciyaman a shirin wasanni.

"Mu ma yaudararmu aka yi. Ni ɗan kasuwa ne, ban san gwiwa ba. Muna da jami'in lafiya, shi ya duba, shi ya sa hannu. Mun amince masa, ashe ba mu san abin da ke tsakaninsa da wakilin ɗan wasan ba."

Mai gadon ya lura da mu, ya rage murya. Kyaftin ya juyo.

"Yaya, da gaske ne?"

"Ban karɓi ko sisin kowa ba. Amma na sa hannu."

"Saboda ni?"

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya fuskarsa bango. Auta ta ajiye kofin a hankali ta fita baranda. Ita ce ta ce in yi wani abu, kuma na ga alamar ta tuna.

Bayan mako biyu aka kira ni gaban kwamitin ladabtarwa. A gindin matakala na tarar da Tsoho yana jirana. Ya ja ni gefe.

"Dakta, ni da kai ba mu taɓa ɓoye wa juna magana ba. In ka ce kuskurenka ne kai kaɗai, kai za a hukunta, ƙungiya ta tsira da makinta. Mun ci wasa biyu a jere, muna iya tsallakewa. In ka ce da sanin shugabanni aka yi, za a zaftare mana maki, mun tafi ke nan. Yara ashirin da biyu ne a hannuna." Ya shafa kansa. "Ba cewa na yi ka yi ƙarya ba. Yadda abin yake kawai na gaya maka."

Na hau da niyyar ɗaukar laifin ni kaɗai. Ɗaki ne mai dogon tebur, mutum biyar a jere, kowa da gorar ruwa a gabansa. Lauyan Ciyaman na gefe, shi bai zo ba. Na amsa cewa sa hannuna ne, hatimina ne. Sai wata mata mai tabarau a ƙarshen teburin, wadda aka ce likita ce, ta ɗago fayil ɗin.

"Ɗan wasan nan ya yi kaka ɗaya da rabi a hannunka, shafi ɗaya kawai ka rubuta a kansa. Na duba fayil ɗin sauran, mai ciwon yatsa ma ka cika masa shafi uku. Malam, yaushe ka fara sanin gwiwar nan ba lafiya?"

Na buɗe baki in ce ban sani ba, harshena ya ƙi. Ƙaryar farko a takarda na yi ta, ni kaɗai a ɗaki. Wannan kuwa sai na kalli idon mutum. Na sunkuya na buɗe jakata, na ɗaga filasta, na fito da shafukan nan bakwai na ɗora a kan tebur. Na farkon yana ɗauke da kwanan watan ranar da Guguwa ya zo, da maganar da Ciyaman ya faɗa mini, kalma da kalma.

Da na sauko Tsoho na nan inda na bar shi. Ya dube ni, ya gane. Ya gyaɗa kai sau ɗaya ya wuce tasha.

Hukuncin bai ɗau lokaci ba. Ni aka dakatar da ni shekara biyu daga duk aikin da ya shafi gasa. Ƙungiya aka zaftare mata maki tara, aka ce ta mayar da kuɗin da ba ta da shi. Ciyaman aka haramta masa shugabanci, amma kafin takardar ta fito ya riga ya yi murabus, wai saboda rashin lafiya. Saura wasa uku a gama kaka muka faɗa rukuni na biyu. Da makin nan tara da mun tsira da tazarar biyu. Duk garin babu wanda bai yi wannan lissafi ba.

Wata safiya na fito na tarar an rubuta a bangon gidana da jan fenti: ga wanda ya sayar da ƙungiya. Matata ta yi ta gogewa da kananzir, inuwar rubutun ta ƙi fita. Mai shagon da na shekara goma ina sayayya a wurinsa ya daina amsa gaisuwata. Ban ga laifinsu sosai ba. Ciyaman ya koma gidansa mai dogon bango, ni ne nake bi ta layi a ƙasa.

Da aka sallami Kyaftin na riƙa zuwa gidansu kullum da safe ina yi masa gashi. Makon farko ba ma magana sai ta aiki. Lanƙwasa, miƙe, ɗaga, riƙe, saki. Auta takan gaishe ni a taƙaice ta shige kicin. A wata na biyu ya bar sanda ɗaya. Wata rana na ce ya gwada zuwa ƙofar gida da ɗayar. Ya tafi a hankali, kafaɗarsa na karkata a kowane taku, gumi na zuba. Da ya isa ya dafa ƙyauren ya tsaya yana haki.

"Yaya, da ka tambaye ni da na ce kar ka sa hannun nan."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Yanzu nake faɗa, da zafi ya tafi. Da a ranar ka tambaye ni, wataƙila da ni zan riƙe maka biron." Ya goge fuska da gefen riga. "Na daɗe ina jin haushinka, sai na rasa na me. Na sa hannun ne, ko na makin tara, ko don ba ni da wanda zan ji haushi da ke zuwa gidan nan."

Na ce ya juyo mu koma, kada ƙafar ta kumbura. Muka dawo taku ɗaya ɗaya har kujera.

Da ya zauna ya ce Guguwa ya kira shi jiya. Ƙungiyar can ta soke kwantiraginsa, ta karɓe kuɗin sa hannun, inshora kuma ta ƙi biya tunda tsohon ciwo ne. Wani kawunsa ne ya biya aka yi masa aiki, yanzu yana gidan mahaifiyarsa, babu mai yi masa gashi, gwiwar tana neman sandarewa.

"Ya tambayi lambarka, ya ce yana jin nauyin kiranka. Gani yake shi ya jawo maka."

Ya miƙo mini wayarsa. Na daɗe riƙe da ita kafin na danna. A ƙara ta biyu aka ɗauka.

"Kyaftin?"

"Ni ne, Dakta."

Ina jin numfashinsa ta wayar. Ban san ta inda zan fara ba haƙuri ba, shi ma da alama haka. Sai na tambaye shi ko yana kusa da gado. Ya ce yana kai. Na ce ya kwanta rigingine ya jawo diddigensa zuwa jikinsa a hankali, ya gaya mini inda ta tsaya.

"Ko rabi ba ta kai ba, Baba."

"Mako nawa da aikin?"

"Bakwai."

An yi latti, amma gwiwar ba ta wuce gyara ba. Na ce ya samo tawul da ruwan ɗumi kafin jibi, ya kuma turo mini kwatancen gidan. Awa biyar ne a mota, kuɗin motar kuma ban san inda zan samo ba tukuna. Auta ta fito daga kicin tana goge hannu, ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare har na kashe wayar.